WACE UNGUWA ZA MU SAUKA?

Kowace shekara, da an gama kaka an kai dawa rumbu, waɗansu 'yan'uwa su kan zo wurinmu neman takardar shaida, gama za su tashi zuwa birni. Wani ya sami aiki, wani an canja masa wurin aiki, wani za ya bi ɗansa, wani kuwa rashin kwanciyar rai ne ya raba shi da gonarsa. Mu kan rubuta takardar, mu sa hannu, mu yi addu'a tare. Kafin su fita mu kan tambaye su, "Wace unguwa za ku sauka?" Amsar da mu kan ji iri biyu ce. Waɗansu su ce, "Duk inda aka sami ɗaki mai-araha." Waɗansu kuma su ce, "Inda mutanenmu su ke."

Kowace amsa tana da gaskiyarta, amma ba wadda ta isa. Abin mamaki ne. Mutum ya kan ci kasuwa uku kafin ya sayi sa guda, yana duban haƙori, yana taɓa tozo, yana tambayar wanda ya yi kiwonsa. Wurin da 'ya'yansa za su yi girma kuwa, sai ya zaɓe shi cikin yini ɗaya, bisa ga bakin dillali. Domin wannan muka ga ya kamata mu yi shawara tare da masu-karatu a kan wannan magana. Za mu ɗauki Kaduna misali, domin can ne da yawa daga cikin mutanenmu su ke nufa, can ne kuma tambayar ta fi nauyi.

DĀ WANI YA KE ZAƁA WA MUTUM

Kaduna ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Zariya. Ƙauyukan Gbagyi ne a wurin sa'ad da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wadda ta kai Kano a 1911. Gwamna Lugga ya ga wurin yana da ruwa, ga shi kuma a bakin hanyar jirgi, sai aka ɗauke mazaunin gwamnatin Arewa daga Zungeru zuwa can a 1917. A zamanin nan ba a bar baƙo ya sauka inda ya ga dama. Turawa sun keɓe wa kansu unguwa, dokarsu kuwa ta ce a bar fili yadi 440 ba gini tsakaninsu da sauran jama'a, wai domin ciwon da sauro ke kawowa. A manyan garuruwan Arewa aka yi Sabon Gari domin baƙi daga kudu, aka yi Tudun Wada domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan garin ba. Mutum ya sauka daga jirgi, an riga an san inda za ya kwana.

Daga baya aiki ne ya riƙa zaɓa wa mutane. A 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, kudu da kogi, waɗansu suka biyo bayanta cikin shekarun 1960. A 1975 aka soma haɗa motar Peugeot, a 1980 aka buɗe matatar mai. Ma'aikaci ya kan nemi ɗaki inda za ya ji ƙarar jiniya ya isa bakin ƙofa da ƙafa. Saboda haka a Kakuri da Makera da Nasarawa a kan sami Bahaushe da Bajju da Tibi da Banufe da Bayarabe cikin gida ɗaya, suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Yawancin masaƙun nan sun rufe cikin shekarun 2000.

Yanzu ba Bature, ba jiniya. Zaɓi ya komo hannun mai-gida. Abin da mutum ya zaɓa da kansa kuwa, alhakinsa yana wuyansa. Shi ya sa zaɓen unguwa ya shiga cikin maganar abin da ke daidai da abin da ba daidai ba, ya wuce maganar kuɗin haya kaɗai.

A AUNA UNGUWA DA RANAR AIKI

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya ga unguwa ran Lahadi da yamma, an yi shara, yara sun yi wanka, bai gan ta ba tukuna. Zaman mutum cikin birni ranakun aiki ne, tun daga asuba har dare, suna ta maimaituwa shekara da shekaru. Da irin wannan rana za a auna wuri.

Mu soma da hanya. Kaduna doguwa ce daga kudu zuwa arewa, kogi ya raba ta biyu, gadojin kuwa kaɗan ne. A ce mutum ya kama ɗaki a Gonin Gora, can ƙarshen gari a hanyar Abuja, aikinsa kuwa yana Kawo, wancan ƙarshe a hanyar Zariya. In yana aiki kwana shida a mako, kwana 312 ke nan a shekara, zuwa da dawowa tafiya 624. A ce kowace tafiya naira 500 ce. Kuɗin mota ya zama naira 312,000 a shekara, ba a sa na matarsa da na 'yan makaranta ba. In kowace tafiya tana cin sa'a guda, sa'o'i 624 ke nan, watau kwana 26 cif, dare da rana, yana zaune cikin mota. Mai-gidan haya ya kan karɓi nasa gaba ɗaya, shi ya sa mu ke jin zafinsa. Hanya kuwa kaɗan kaɗan ta ke karɓa, kamar gara cikin azara. Kuɗin kuma ba a tsaye ya ke ba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki. Masu-zama nesa da aikinsu su suka fi jin jiki. Araha ba ta ado.

Sai ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 20 a rana ita ce mafi ƙanƙantar abin da mutum ɗaya ya ke bukata domin sha da dafuwa da 'yar tsabta. Gida mai-mutum shida lita 120 ke nan, jarka shida, watau jarka 2,190 a shekara. In ba famfo ba rijiya, ko a saya wurin 'yan ga-ruwa, ko wani ya ɗauko a ka. In akwai rijiya kuma, a dubi inda ta ke. Masu-aikin lafiya su kan ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Filin gida da aka saba yankawa ƙafa 50 ne da ƙafa 100, ƙafa 100 kuwa ita ce kusan mita 30 ɗin nan. Ashe, ko rijiya tana bakin ƙofa masai yana can ƙurya, da kyar a ke cika awon, ga kuma masan maƙwabci a bayan katanga. Kada a raina wannan. A 2021 amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, ta ruwan sha kuwa ciwon ya fi shiga.

Sai damina. Dillali ya fi son nuna gida da rani. A 2003 kogin Kaduna ya cika ya batse, ya shiga gidajen da ke gaɓarsa, ya kuma sake yin haka a waɗansu shekaru daga baya. Mai-neman ɗaki ya dubi gindin bango, gama ruwa ya kan bar shaidarsa. Ya dubi inda lambatu ya nufa. Ya dubi kududdufin da ke kusa, domin ƙwan sauro ba ya wuce mako biyu kafin ya zama mai-cizo. Ya dubi taga kuma. Ɗaki marar-iska wanda mutum bakwai ke kwana a ciki da bazara, nan sanƙarau ya ke samun hanya.

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda za ya tambaya. Dillali la'adarsa ya ke nema, ba mu ga laifinsa ba. A tambayi mai-shayin da ke bakin layi ƙarfe nawa ya kan tashi da dare, da abin da ya sa. A tambayi tsohuwa mai-tuyar ƙosai inda ruwa ya kan tsaya cikin Agusta. A tambayi wanda ya bar ɗakin dalilin da ya sa ya tashi. In da hali, a kwana ɗaya wurin wani sananne a unguwar, a ji darenta da kunne. Gani ya kori ji.

WA ZA YA BIYA?

Ga inda maganar ta soma nauyi. Wanda ya ke zaɓen unguwa, sau da yawa shi ne ya fi kowa ƙarancin zama cikinta. Mai-gida ya fita da sassafe, ba ya komowa sai an kunna fitila. Matarsa ce za ta yini da maƙwabta, ita ce za ta tsaya layin ruwa, ita ce za ta goyi yaro mai-zazzaɓi ta nemi asibiti da tsakar rana. Yara ne za su ƙetare titi zuwa makaranta, su ne za su koyi maganar da a ke yi a bakin layi. In ɗaki ya yi araha domin ba ruwa, ba a rage kuɗin ba, an mai da shi bisa kan mace da 'yan mata ne. In ya yi araha domin makaranta tana nesa, ƙafar yaro ce ta ke biya.

Mun san wani ɗan'uwa wanda ya kama gida mai-kyau a bayan gari, da ɗakuna uku da fili, a kan kuɗin da ba za ya ba shi ɗaki biyu a cikin gari ba. Ya komo yana murna. Bayan shekara guda matarsa ta zo gida ganin iyaye, muka tambaye ta zaman birni. Ta ce, "Baba, gidan yana da kyau. Amma yara suna barci ya ke fita, suna barci ya ke dawowa. Ƙaramin ran Lahadi kaɗai ya ke ganinsa." Mutumin nan ba mugu ba ne. Ya yi lissafi, sai dai bai kira waɗanda za su biya su zauna wurin lissafin ba. Muna ganin ba daidai ba ne mutum ya ba da kuɗin haya tun matarsa ba ta taka unguwar da ƙafarta ba. Abin da za ta gani cikin rabin sa'a, shi ba za ya gani cikin wata guda ba.

Masu-karatu sun san labarin Lutu cikin Littafin Farawa, daga sura 13. Sa'ad da ƙasa ta yi musu kaɗan shi da Ibrahim, aka ba shi zaɓi. Ya dubi kwarin Urdun, ya ga ruwa da ciyawa, ya nufi can, ya yi ta matsawa har ya shiga Saduma. Game da ciyawa bai yi kuskure ba, tana nan kamar yadda ya gani. Lissafin dabbobi ya yi, ya manta da lissafin 'ya'ya. Ba a daɗe ba yaƙi ya ci garin aka tafi da shi, sai da Ibrahim ya bi sawu ya ƙwato shi. A ƙarshe ya fita ba dukiya ba mata, daga shi sai 'ya'yansa mata biyu. Larabawa suna da magana mai-kama da wannan, su kan ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Mu kuma mun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Amma sai mu yi hankali da labarin nan, gama mun ji ana murɗa shi. Waɗansu su kan kira kowace unguwar da ba ta mutanensu ba Saduma. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ba adalci ba ne. Abin da ya ɓata Saduma mugunta ce da wulakanta baƙo. Mugunta kuwa ba ta da unguwa ɗaya. Akwai layin da ke cike da masu-suna irin namu, ana jin waƙar sujada ta kowace taga ran Lahadi, amma ga gidan giya a kusurwa, ga samari suna shaye-shaye a kango, ga mai-gida yana dūkan matarsa ba mai-cewa uffan. Akwai kuma layin da ba mai-addininmu ko ɗaya, amma in yaronka ya yi rashin kunya dattijon da ke zaune a dakali za ya tsawata masa kamar jikansa. Halin mutane za a tambaya. Suna ba ya gaya mana hali.

KOGIN DA KE TSAKANI

Wannan ya kawo mu ga amsa ta biyu, watau "Inda mutanenmu su ke." A Kaduna maganar nan tana da tarihi mai-ɗaci. Cikin Fabrairu da Mayu 2000 aka yi tarzoma a kan batun shari'a, fiye da mutum 1,000 suka mutu, Kirista da Musulmi. Cikin Nuwamba 2002 aka sake yi, fiye da 200 suka mutu. Cikin Afrilu 2011, bayan zaɓe, jini ya sake zuba. Kowane karo mutane sun kwashe kayansu. Kirista da yawa suka ƙetare zuwa kudu, Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. Musulmi da yawa suka koma arewa da yamma, Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Waɗansu suka sayar da gidajensu a bakin kome, waɗansu suka yi musaya da juna. Kogin da ya ba garin sunansa ya zama kamar iyaka.

To, ga tambaya. Daidai ne mutum ya zaɓi unguwa domin masu-addininsa ne kaɗai a ciki?

Kada mu yi saurin amsawa. Uban da ya kwana cikin daji da 'ya'yansa a 2000, yana hangen hayaƙin gidansa, in ya ce ba za ya ƙara zama inda ya zama shi kaɗai ba, wa za ya ga laifinsa? Ran iyalinsa amana ce a hannunsa. Mu da mu ke rubutu daga wurin da mu ke barci lafiya, ba mu da iko mu aiki wani ya kai 'ya'yansa inda zuciyarsa ba ta kwanta ba. Neman zama lafiya ba zunubi ba ne. Baƙo kuma yana bukatar wanda ya san harshensa, da wanda za ya ranta masa mudun masara kafin albashi, da wanda za ya tsaya masa ran biki da ran makoki. Musulmin da ya bar Television ya koma Rigasa, shi ma wannan dalili ne ya kai shi, dalilinsa kuwa daidai ya ke da namu.

Duk da haka akwai abin da ya wajaba mu faɗa. Ya kan yiwu kowane mutum ya yi abin da ke daidai a gidansa, amma in aka tara duka, gari ya yi hasara. Kowa ya tashi domin ya tsira, aka wayi gari da birni mai-rabi biyu. Yaron da aka haifa a Sabon Tasha a 2003 ya riga ya zama magidanci, ya yiwu kuwa bai taɓa cin tuwo cikin gidan Musulmi ba. Tsaransa na Rigasa ya yiwu bai taɓa shiga gidan Kirista ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗayan, daga jita-jita ne da abin da ya ke gani cikin waya. A gidan hayar Kakuri na dā, in wani ya zo da labari cewa mutanen wane sun yi kaza, akwai mai-cewa, "Ƙarya ne, tare muka kwana da su." Inda ba irin wannan mutum, ƙarya ba ta da mai-tare ta. Rabuwar da aka yi domin tsoro ita ce kuma ta ke ciyad da tsoron.

Mu tuna kuma da wannan. Cikin kowace tarzoma an sami waɗanda suka tsira domin maƙwabcinsu na wancan addini ya ɓoye su. Misalin da duniya ta sani ya faru ne a ƙasar Filato. Cikin Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abdullahi Abubakar ya ɓoye Kirista fiye da 200 cikin masallaci da cikin gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Maƙwabtansa ne, shekara da shekaru suna zaune tare. A Kaduna kanta, Pasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa dā abokan gāba ne. A rikicin 1992 ɗaya ya rasa hannu, ɗayan ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Suka sadu a 1995, daga baya suka riƙa aikin sulhu tare. Katanga tana da amfani, amma a ranar wahala sau da yawa mutum ne ya buɗe ƙofa.

Saboda haka ga abin da mu ke gani. Wanda zuciyarsa ta ɗauka, iyalinsa kuma suka yarda, ya sami wuri cikin unguwannin da har yanzu a ke zaune a cakuɗe, kamar waɗansu sassan Barnawa da Kakuri, ya yi abu mai-kyau domin kansa da domin gari. Kada 'yan'uwa su riƙa yi masa kallon wanda ya sayar da kansa. Wanda kuma ya zaɓi zama cikin nasa, bai yi laifi ba, amma ya ɗauki bashi. Sanin da dā maƙwabtaka ta ke bayarwa kyauta, yanzu sai ya neme shi da gangan. Zumunta a ƙafa ta ke. Abokin aikinsa na ƙetaren kogi ya yi rashi, ya hau mota ya tafi gaisuwa. An yi masa haihuwa, ya tafi barka, ya tafi da ɗansa. Ran salla ya aika da gaisuwa, ran Kirsimati ya aika da abinci. Fiye da kome, ya lura da bakinsa a gaban yara. Yaron da bai taɓa ganin mutanen can ba, abin da ubansa ya faɗa a kansu wurin cin tuwon dare shi ne dukan iliminsa.

WANDA BA SHI DA ZAƁI

Wani mai-karatu za ya ce, "Malam, duk wannan maganar masu-kuɗi ce. Ni da na gudo da tabarma da tukunya, ina na ga zaɓi?" Gaskiyarsa. Da yawa suna sauka ne inda wani ɗan garinsu ya matsa musu gefen tabarma. Ba mu ɗora musu nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Amma ko cikin gidan haya mai-ɗaki goma akwai sauran zaɓi. Mutum ya kan zaɓi ƙofar da 'ya'yansa za su riƙa shiga, da dakalin da shi za ya riƙa zama da yamma. Ya iya tafasa ruwan sha, ya iya rataya gidan sauro. Saukar fari kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Ya buɗe ido cikin shekarar farko, kafin lokacin sake biyan haya ya zo.

Babban nauyi a nan yana kan waɗanda suka riga suka zauna. Cikin masu-karanta wannan takarda akwai masu-gidajen haya. Ɗan'uwa, sa'ad da ka ce sai an biya shekara biyu gaba ɗaya, ka san wanda ka kora? Sa'ad da ka ƙara ɗaki a inda ya kamata iska ta wuce, ko ka haƙa masai kusa da rijiya domin ka sami wurin shago, ka san wanda za ya kwanta ciwo? In rufin yana yoyo, ka faɗa tun ba a biya ba. Dattawan ekklesiyoyin birni kuma, in baƙo ya miƙa muku takardarsa, kada ku sa ta cikin akwati ku ce ya zauna a benci na baya. Ku sa wani wanda ya san gari ya zaga da shi, mace kuma ta zaga da matarsa. Ku gaya musu gaskiyar kowace unguwa, da kyaunta da aibinta, har da taku.

MAƘWABCIN DA ZA SU SAMU

Har yanzu muna ta tambayar abin da unguwa za ta yi mana. Akwai sauran rabin tambayar. Ran da motar kaya ta tsaya a ƙofar gida, mutanen layin suna leƙowa, su ma tambaya su ke yi cikin ransu, "Wane irin mutum ne aka kawo mana?" Su ba a ba su zaɓi ba. Unguwar kirki da mu ke nema, waɗansu ne suka mai da ita haka. Wani ya yi ta share lambatun da ba nasa kaɗai ba ne. Wata ta yi ta lura da 'ya'yan maƙwabciya sa'ad da ta tafi kasuwa. Wani ya rage ƙarar rediyonsa domin akwai marar-lafiya a ɗaki na gaba, ya kuma ajiye janaretansa inda hayaƙin ba za ya shiga tagar wani ba, gama hayaƙin nan yana kashe mutane cikin barci. Wanda ya zo ya ci moriyar wannan duka, shi kuwa ya zuba shararsa cikin lambatu da dare, ya girbe abin da bai shuka ba, ya kuma ɓata gonar.

Sabon zuwa ya soma da gaisuwa. Cikin makon farko ya tafi wurin mai-unguwa ya nuna kansa. Ya bi ƙofa ƙofa, dama da hagu da gaba, ya faɗi sunansa da garinsu, kada ya tsallake wata ƙofa domin sunan mai-ita. In ana tara kuɗin 'yan sintiri ko na gyaran taransifoma, ya ba da nasa ba sai an bi shi ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma da su a ke sanin mutum, da su kuma a ke tuna shi ran da ya bukaci taimako.

Cikin takardar shaida da mu kan rubuta, mu kan ce mai-ɗauke da ita ɗan'uwa ne mai-zaman lafiya da mutane. Mutanen layin da za ya sauka ba za su taɓa karanta takardar ba, shi za su karanta. Domin wannan, bana in 'yan'uwa suka zo sallama, za mu tambaye su unguwar da za su sauka kamar yadda muka saba. Sa'an nan mu ƙara tambaya biyu: "Uwargida ta ga wurin?" da kuma, "Mutanen wurin, wane irin maƙwabci za su samu?" Allah shi ba masu-tafiya hikima, shi sauke su lafiya.